Isha'i a Bakin Tafkin Saimaa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya hore ta ga mai tafiya, ya tara ruwa inda ya so, ya ƙuntata shi inda ya so, bisa hikimar da shi kaɗai ya kewaye da saninta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya san zafin hanya da ƙishirwarta, da alayensa, da sahabbansa waɗanda suka bazu a bayan ƙasa har kaburburansu suka yi nisa da juna.

Bayan haka, wani ɗan'uwa da muka yi karatun zaure tare ya ji labarin cewa na yi kwana 8 a kan keke ina zagaya wani tafki a ƙasar Finlan, sai ya aiko mini da tambaya biyu. Ta farko ya ce, me ya kai ka, kai da kake da iyali da furfura, alhali ga mota ga jirgin ƙasa? Ta biyu ya ce, an gaya mini can dare ba ya yi a lokacin zafi, to yaya ka yi da Isha'i da Asuba? Na ga tambayoyin sun cancanci amsa a rubuce, domin ta farko ta taɓa niyya, ta biyu ta taɓa farilla, kuma ɗalibanmu da ke zuwa waɗannan ƙasashe kullum ƙaruwa suke yi.

Ka sani, ya ɗan'uwa, Finlan tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 338,000, amma mutanenta ba su wuce miliyan 5 da rabi da 'yan kai ba, ko jama'ar jihar Kano ba su kai ba. Mafi yawan ƙasar daji ne da ruwa. Da suka ƙirga tafkunansu manya da ƙanana sai suka samu 187,888. Babban cikinsu shi ne Saimaa, a kudu maso gabashin ƙasar, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,400, na huɗu a girma cikin tafkunan ruwan daɗi na nahiyar Turai. Amma kada ka kawo a ranka wani ruwa ne shimfiɗe wanda ido ke ɓacewa a cikinsa. A'a. Kamar tsumma yake da aka yayyaga: tsibirai fiye da 13,000, da lunguna, da mashigai, har idan aka bi gaɓarsa aka auna sai ta kusa kilomita 15,000. Kana tafe, ruwa a damanka, ka shiga daji, ka fito, ruwa a hagunka, ka tambaya a ce maka ai duk Saimaa ne.

Masana ƙasa sun ce ƙanƙara ce mai kaurin gaske ta danne wannan yanki tsawon zamani, ta kankare duwatsu, ta haƙa ramuka, da ta narke sama da shekara 10,000 da suka shige sai ruwa ya cika ramukan. Sun kuma ce tun daga ranar da nauyin ya ɗaga ƙasar take tasowa a hankali, kamar katifar da mutum ya tashi daga kanta, har yau ba ta gama ba. Wannan tasowar ce ta karkata tafkin, har kimanin shekara 5,700 da suka wuce ruwa ya fasa tudu ta kudu maso gabas ya yi wa kansa sabuwar hanya, ita ce kogin Vuoksi, wanda ke gangarawa tafkin Ladoga a Rasha. Ba mu da abin da za mu yi jayayya da shi a nan. Su sun bayyana sababi, mu mun san Mai sababin, kuma a Suratul Ankabuti an umarce mu da mu yi tafiya a ƙasa mu duba yadda aka fari halitta.

Na tashi daga Lappeenranta, garin da nake zaune a lokacin, a ƙarshen watan Yuni. Abin da na ɗora wa keken bai da yawa: jaka biyu a kariya, ƙaramin tanti, bargon kwanciya, sallaya, buta, famfo, kayan faci, da tukunya guda. Yinin farko na kai Imatra, inda kogin Vuoksi ke barin tafki. A nan ne akwai gangaren ruwan da ya yi suna har sarauniyar Rasha, Katarina, ta zo kallonsa a 1772. A 1929 aka datse shi domin wutar lantarki, saboda haka abin da na tarar ƙarƙashin gada kwazazzabo ne na baƙin dutse, a bushe, da ramukan da ruwa ya nuƙa a jikinsa. Na jingine keke na daɗe ina kallo. Ruwan da ya yi shekara dubbai yana ruri, ga shi ɗan Adam ya yi masa linzami, sai an buɗe ƙofa yake fitowa. Wannan daga cikin horewar da Allah ya yi mana ne, kuma za a tambaye mu a kanta.

To mu koma ga tambayarka ta farko, domin ba ta wasa ba ce a fiƙihunmu. Kai ka san abin da ke cikin Mukhtasar na Shehu Halilu: sallar ƙasaru sunna ce ga matafiyin da tafiyarsa ba ta saɓo ba ce, kuma ba ta wargi ba. Wanda ya fita yankan hanya ba shi da rangwame, wanda ya fita don shagala kawai an karhanta masa. An kuma ce mai gararamba, wanda bai san inda ya dosa ba, ba ya ƙasaru sai in ya tabbata zai yanke nisan da aka shardanta, wato zango huɗu, mil 48, abin da malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da ɗoriya. Saboda haka kafin in ɗaura kaya sai da na zauna da kaina. Shin wannan fita wargi ce? In wargi ce, in cika sallata, in kuma ji kunyar barin aikina.

Abin da na samu a zuciyata shi ne, na yi watanni tsakanin ɗaki da aji da kwamfuta, har na wayi gari ina karanta ayoyin da ke maganar ruwa da tsiro da saɓawar dare da rana ba tare da sun motsa ni ba. Harshe na tafiya, zuciya na barci. Imamu Gazali, a babin ladubban tafiya na Ihya'u, ya kasa tafiya gida biyu, ta jiki da ta zuci, ya kuma lissafa fita domin ganin ayoyin Allah a bayan ƙasa cikin tafiyar neman ilimi. Da wannan niyya na fita, na kuma ayyana Savonlinna a matsayin inda na nufa, garin da nisansa ya kusa ninka abin da aka shardanta. Da na wuce gidajen ƙarshe na gari sai na fara ƙasaru, raina a kwance. Hukuncin da na yanke ke nan: tafiyar keke ba ta da hukuncin kanta, niyyar mai ita ce ke ba ta suna. Wanda ya fita don a gan shi a hoto ya san abin da ya fita nema.

Amma me ya sa keke? A wurinmu keke abin hawan talaka ne da malamin makaranta da mai tallan madara, har idan mutum ya samu babur sai a yi masa barka da rabuwa da shi. Tarihinsa ma ba mai nisa ba ne. Wani Bajamushe, Karl von Drais, ya ƙera na farko a 1817, na katako, ba feda, da ƙafa ake tura shi. Irin wanda muka sani, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1885, sannan Dunlop ya kawo tayar iska a 1888. Malaman tafsiri na wannan zamani sukan kawo irin waɗannan ababen hawa idan sun zo ayar Suratun Nahli da ta ambaci dawakai da alfadarai da jakuna, sannan ta yi nuni ga abin da za a halitta wanda mutanen farko ba su sani ba. Ni kuwa abin da na gani a jikina shi ne, a duk ababen hawan zamani babu wanda ya bar wa mutum idonsa da kunnensa da hancinsa kamar keke. Mota tana haɗiye ƙasa, ka isa ba ka ga komai ba. Ƙafa kuma ba ta kai ka nesa. Keke yana tsakani: a yini ka yi kilomita 50 ko 60, kowane tudu ka biya shi da gumi, kowace gangara ka karɓe ta kyauta. Kana jin ƙamshin itatuwan daji idan rana ta gasa su, kana jin sanyi ya taɓa fuskarka tun kafin ka hango ruwa. Tafiya sannu sannu kwana nesa, in ji magabata. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wasu shekara biyu wasu bakwai kafin su ga Ka'aba, sun dawo da wani abu a zukatansu wanda mai jirgin awa biyar sai ya yi da gaske yake samun irinsa.

Daga Imatra na yi arewa ta gefen iyakar Rasha, na bi ta Parikkala, na isa Punkaharju. A nan zan ɗan tsaya, domin ban ga wurin da ya kai shi ba. Tudu ne siriri na yashi da tsakuwa, tsawonsa kamar kilomita 7, wanda ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya tara, ya ratsa tsakiyar tafki kamar igiyar da aka miƙe. A wani wurin faɗinsa bai fi na hanyar da ke kansa da 'yan itatuwa ba. Dogayen itatuwa ne masu jan jiki, miƙaƙƙu kamar giginya, haske na sauka ta tsakaninsu. Tun 1843 hukuma ta keɓe wurin ta hana sara. Na shiga da sassafe, ba mota ba mutum. Na daina taka feda na bar keken yana gangarawa da kansa, ba abin da nake ji sai ɗan ƙis-ƙis na sarƙa da kukan wani tsuntsun ruwa daga nesa, kuka mai tsawo kamar na mai kiran wanda ya ɓace. Ruwa a dama, ruwa a hagu, ko motsi ba ya yi, sama ta kwanta a cikinsa da gizagizanta. Ban san lokacin da bakina ya kama tasbihi ba. Wallahi ba ni na shirya shi ba, shi ya zo. Abin da na yi watanni ina nema a kan kujera, ga shi na same shi a kan sirdi.

Shiru shi ne babban abin da ƙasar nan take bai wa baƙo, kuma da farko nauyi yake yi. Mu mutanen gaisuwa ne. A garinmu ba ka wuce mutum sai ka tambaye shi kwana da gajiya da iyali. A can sai ka yi awa biyu ba ka gamu da kowa ba, in kun gamu ya ɗaga maka yatsa ɗaya daga kan sitiyari, shi ke nan. Yinin farko na ɗauka ƙyama ce. Sai ranar da tayata ta baya ta yi faci a wata hanyar tsakuwa bayan Savonlinna, ga sauro ya yi mini rubdugu, ga famfona ya ƙi kama bakin tayar. Wani dattijo ya fito daga gidan katako ja, ya tsaya ya duba, bai ce uffan ba, ya koma. Can sai ga shi da famfo babba da kwanon ruwa. Ya tsuguna, muka nutsa tub a ruwa muna juyawa har kumfa ta nuna ramin, na goge na manna faci, shi ya buga iska. Matarsa ta miƙo mini kofi da baƙin burodi ta taga. Duk abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce kalma biyar ba, ɗaya daga ciki ita ce kiitos, wato na gode. Na roƙa masa shiriya a zuciyata har na yi nisa. Daga ranar na gane cewa shirunsu ba rowa ba ce. Kuma na tuna yawan abin da malamanmu suka rubuta kan falalar kame harshe, wanda muke karantawa mu tashi mu ci gaba da surutu.

Savonlinna gari ne a kan tsibirai, da ganuwar dutse mai suna Olavinlinna da aka fara ginawa a 1475 a kan wani fa a tsakiyar ruwa, lokacin da Suwidin ke tsaron iyakarta ta gabas. Na kwana biyu na huta, na ci soyayyen ƙananan kifin da suke kira muikku. Gargaɗi ɗaya ga Musulmi: akwai wani burodi da ake cusa wa kifi, kalakukko, wanda ya shahara a yankin, to a al'ada da naman alade ake haɗa shi. A tambaya kafin a saya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma ita ce ta fi nauyi.

A ƙasar Hausa rana tana faɗuwa, kafin ka idar da Magariba ka yi nafila ka ɗan zauna, duhu ya rufe. Ba mu taɓa tunanin cewa wannan ma ni'ima ce da wasu ba su da ita ba. Savonlinna tana kusa da daraja 62 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Yuni yini yakan haura awa 19. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 11 na dare, ta fito kafin 3 da rabi, kuma a tsakanin nan ba ta nutsewa ƙasa da sararin sama fiye da daraja 5. Ma'ana, jan shafaƙi ba ya ɓacewa. Yana nan a arewa maso yamma, ya ja jiki a hankali ta arewa, ya koma arewa maso gabas, sai kawai ka ga rana ta ɓullo daga cikinsa. Shafaƙin Magariba shi ne ya zama alfijir, ba duhu a tsakani.

Na ga wannan da idona a wani dare tsakanin garuruwan Sulkava da Puumala. Na kafa tanti a kan wani falalen dutse a bakin ruwa. Na ɗebi ruwa a buta na yi alwala, ruwa garau, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Na duba alƙibla. Mu da muka saba cewa gabas ita ce gaba, har sunanta ya nuna haka, a can sai ka fuskanci kudu ka ɗan karkata hagu. Na yi Magariba bayan rana ta faɗi, na zauna a kan sallaya ina jiran jan nan ya tafi kamar yadda aka koya mana tun muna yara. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi. Na buɗe Alƙur'ani na karanta ba fitila. Ko tauraro ɗaya ban iya nunawa ba. Hazo ya taso daga kan ruwa, sama ja kamar garwashin da ya ƙi mutuwa. Tsoro ya ɗan kama ni, irin tsoron wanda ya ga abin da ya ɗauka ƙa'ida ce ashe al'ada ce kawai, Mai ita yana juya ta yadda ya so.

Ba mu ne farkon Musulmin da suka tsaya a wannan matsayi ba. A shekara ta 921 Halifa Muƙtadir ya aika tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar, a bakin kogin Volga, cikinsu da Ahmad ɗan Fadlan. Sun isa a 922, ya kuma rubuta mamakin gajartar darensu, har aka gaya masa mutum yakan ɗora tukunya da Magariba, a yi Asuba ba ta nuna ba. Daga wannan ƙasa ce tambaya ta iso wa malaman Hanafiyya: mutanen da shafaƙi ba ya ɓace musu, Isha'i ta wajaba a kansu? Baƙƙali ya ce ba ta wajaba ba, tunda lokaci shi ne sababi, kuma bai samu ba. Halwani ya ce sai sun rama. An ruwaito cewa Halwani ya tura wani ya tambayi Baƙƙali a bainar jama'a hukuncin wanda ya zubar da ɗaya daga salloli biyar. Baƙƙali ya gane inda aka dosa, ya mayar da tambaya: wanda aka yanke wa hannaye daga gwiwa, farillan alwalarsa nawa? Aka ce uku, tunda wurin ta huɗu ya tafi. Ya ce to haka ita ma. Aka ce Halwani ya yaba amsar ya koma gare ta.

Amsa ce mai kaifi, amma Ibnul Humam a Fathul Ƙadir bai yarda da ita ba, kuma ina ganin gaskiya tana tare da shi. Salloli biyar aka farlanta a daren Mi'iraji a kan kowa, ba a ware wata ƙasa ba. Lokaci alama ce, kuma ɓacewar alama ba ta kawar da abin da take nunawa. Ga kuma hadisin Dujal a Sahihu Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin yinin da zai yi tsawon shekara, sahabbai suka tambaya ko sallar yini guda za ta isar musu, ya ce ba za ta isar ba, ya umarce su da su ƙaddara lokutan. Dubi wannan, ya ɗan'uwa. An ba su labarin fitina mafi girma, abin da ya fara zuwa ransu shi ne salla. Kuma amsar da aka ba su a Madina ita ce ta warware matsalar mutumin da ke zaune a bakin Saimaa bayan ƙarni 14. Shafi'iyya suka ce a yi ƙiyasi da ƙasa mafi kusa da shafaƙi ke ɓacewa a cikinta. A ƙarni na 19 malamin Kazan, Shihabuddin Marjani, ya wallafa littafi sukutum, Nazuratul Haƙƙi, don tabbatar da wajabcin Isha'i ko da shafaƙi bai ɓace ba. A zamaninmu majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta kasa waɗannan ƙasashe gida uku, ta ce masu zama tsakanin daraja 48 da 66, inda Finlan ta kudu ta faɗa, su ƙaddara Isha'i da Asuba bisa ƙiyasin daren masu daraja 45 a kwanakin da alama ta ɓace. Majalisar fatawa ta Turai kuma ta halatta haɗa Magariba da Isha'i a irin wannan lokaci saboda ɗauke ƙunci.

Ni da nake matafiyi ƙofa biyu ce a buɗe gare ni. A ranakun da na gaji na haɗa Magariba da Isha'i, Isha'in raka'a biyu. A wancan daren kuwa na ƙaddara: na raba tsakanin faɗuwar rana da fitowarta, na yi Isha'i kafin tsakiya, na yi Asuba bayan haske ya fara ƙaruwa ta gabas, kafin rana ta fito da tazara. Ban bar ko ɗaya ba. Wanda yake zaune a gari kuma, abin da ya fi masa shi ne ya bi jadawalin masallacin garinsa, kada kowa ya zama muftin kansa. Musulunci ba baƙo ba ne a can: Tatar 'yan kasuwa daga yankin Volga sun fara zama a Finlan tun wajen 1870, suka yi rajistar jama'arsu a 1925, suka gina masallacin katako a Järvenpää a 1942.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya mini a rai, ba zan rufe ba sai na faɗe shi. Ba wanda na roƙa izini kafin in kafa tanti a wancan dutse, kuma ban yi laifi ba. Suna da wata tsohuwar al'ada da doka ta amince da ita, haƙƙin kowa da kowa: kana iya ratsa daji ko na wane ne, a ƙasa ko a keke, ka kwana dare ɗaya ko biyu, ka tsinki 'ya'yan itatuwan daji, ka yi wanka a tafki, muddin ba ka matsa kusa da gidan mutum ba, ba ka taka shuka ba, ba ka sare itace ba, ba ka hura wuta ba izini ba, ba ka bar shara ba. A wasu wuraren an gina rumfar katako a daji, ga murhu ga itacen wuta a jere, ba mai gadi, wanda ya yi amfani ya share ya tafi. Na tuna hadisin da ya sanya mutane tarayya cikin ruwa da makiyaya da wuta, na tuna burtali da mashaya da muka gada, waɗanda aka cinye da gona da shinge har jini yake zuba a kansu. Mu ne muke da nassin. Zuciyata ta yi ƙuna.

Haka kuma labarin wata dabbar ruwa da suke kira norppa, mai ɗan kama da ayu, wadda ba a samun irinta ko'ina a duniya sai a Saimaa. Tasowar ƙasa ce ta raba kakanninta da teku ta kulle su a tafkin. An yi ta kashe ta don tana ɓata wa masunta koma, har aka hana a 1955, kuma zuwa farkon shekarun 1980 abin da ya rage bai kai 200 ba. Yanzu sun haura 400. A cikin kogon ƙanƙara take haihuwa a ƙarshen hunturu, to da hunturu ya fara zuwa da ƙarancin ƙanƙara sai mutane suka riƙa fita da shebur suna tara mata tudun da za ta haƙa. Ana kuma hana kafa raga a wurarenta a watannin da 'ya'yan ke ƙanana. Ban gan ta ba, ko da yake na yi ta dubawa a kan duwatsu lokacin da ƙaramin jirgin fito ke tsallakar da ni da kekena tsakanin tsibiran Puumala. Amma sanin tana nan ya ishe ni. Wanda ya san an gafarta wa mutum saboda shayar da kare, an kuma azabtar da mace saboda kyanwa, ba zai ga wannan aiki ƙarami ba. Tafkin Cadi, wanda a shekarun 1960 ya kai murabba'in kilomita 25,000, ya ninka Saimaa sau biyar da ɗoriya, mun ga yadda ya janye a idon iyayenmu, da abin da ya biyo bayan janyewarsa.

Ba zan ɓoye maka wahala ba. An faɗa a hadisi cewa tafiya yanki ce ta azaba, kuma gaskiya ne ko a ƙasar da hanyoyinta suke lafiya. Ƙasar ba ta da manyan duwatsu, amma ba ta da shimfiɗa: hawa da sauka ne ba iyaka, gajeru masu cin gwiwa. Sauronsu ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro, amma yawansa ya wuce misali, ga kaska a ciyawa da dole ka duba jikinka kowane dare. An yi mini ruwa yini guda cur, har yatsuna suka ƙage a kan birki. Tsakanin kanti da kanti sai ka yi kilomita 30 ko fiye. Rashin duhu kuma yana hana barci, sai na riƙa ɗaure ido da rawani. Daga Puumala na gangaro kudu na koma gida a yini na takwas, na cika sallata da na shiga gari.

To ga amsarka, ya ɗan'uwa. Ina kuma roƙon malamanmu na zaure da na Islamiyya, idan ɗalibi ya zo sallama zai tafi karatu Finlan ko Suwidin ko Norwe ko arewacin Rasha da Kanada, kada a tsaya ga addu'a kaɗai. A zaunar da shi a karanta masa babin lokutan salla da na ƙasaru da na jam'i, a gaya masa hadisin ƙaddarawa da maganganun malamai a kansa, a kuma umarce shi da ya nemi masallacin garin tun makon farko. Na gamu da yaranmu a can waɗanda suka bar Isha'i wata biyu cur, ba don raini ba, sai don ba wanda ya taɓa gaya musu abin da za su yi idan shafaƙi ya ƙi ɓacewa.